Aljihun Hagu

Da hannuwa biyu lafiyayyu Allah ya halicce shi, amma duk unguwar masana'antu Hannu-Ɗaya ake kiransa, har matarsa ma idan tsokana ta motsa mata. Mai gyaran na'urorin lantarki ne, ba irin na rediyo da fanka ba. Shi ake nema idan ƙwaƙwalwar babban inji ta rikice, ko a gidan buga takardu, ko a ɗakin sanyi na masu kifi, ko a kamfanin robobi. Zai zo da 'yar jakarsa ta fata, ya buɗe akwatin wutar injin, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma a bayan ƙofa, hannun dama na aiki, na hagu yana cikin aljihu.

Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka girman kai ne. Ranar da ya fara zuwa gaida surukinsa ma haka ya durƙusa, hagu a aljihu, bai ankara ba.

"Yaro," in ji tsohon, "wani abu ka ɓoye mana a ciki, ko tsoro kake mu sace maka hannun?"

Ba girman kai ba ne, Allah ya sani. Akwai ciwon inji da ba ya nuna kansa sai da wuta a jikinsa, dole a auna shi yana kunne. Ubangidan da ya koya masa sana'a ya sha faɗa masa cewa wuta baƙuwa ce mai neman hanyar fita. In ta shiga ta hannu ɗaya ta tarar ɗayan yana dafe da ƙarfe, ta ƙirji za ta ratsa, zuciya kuwa a bakin hanyar take. Don haka sai ka maƙale waya ɗaya ta mitar awo a jikin akwatin, ka riƙe ɗayar da dama, hagu kuma ka kulle shi a aljihu. Ya ga ranar da wani abokin koyonsa ya dafa ƙofar akwati don ya leƙa da kyau. Ko ihu bawan Allah bai samu ya yi ba. Tun daga ranar hannun ya shige aljihu bai sake fitowa a gaban inji ba.

Matarsa na da keken ɗinki a tsakar ɗaki, shi ya sa yake ce mata Telata. Duk wandonsa aljihun hagu ne ke fara mutuwa, saboda in aiki ya yi zafi dunƙule hannun yake yana murza yadin. Ita kuwa ta yi ta sa masa faci da yadi mai kauri.

"Mazan mutane dukiya ke huda musu aljihu, nawa kuwa hannu," takan ce.

"To ki daina ɗinkewa mana, Telata."

"Allah ya kiyaye. Muddin ina ganin wannan hujin, na san da ƙafarka za ka dawo mini, Malam."

A haka suka aurar da 'ya'yansu, a haka furfura ta cim musu.

Amininsa mai walda, wanda rumfarsa ke jikin shagonsa, shi ya fara lura. Suna shan shayi da hantsi ya ji cokali na kaɗawa a cikin kofin Hannu-Ɗaya ba tare da yana juyawa ba.

"Kai tsoho, ganga ka koma kaɗawa?"

"Sanyi ne."

"Sanyi a wannan rana da ke narka kwalta? Faɗa wa wanda bai san ka ba."

Likita ya ce ciwon jijiya ne, magani na rage shi amma ba ya korarsa. Hannun dama ne ke rawa, wanda ke ci da gidan. Da farko rawar kaɗan ce, sai in ya zo ɗiga dalma a ƙafar wani ɗan ƙaramin abu mai kamar ƙwayar shinkafa, dalmar ta zame ta haɗe ƙafa biyu. Ya gano cewa in ya tallafi wuyan hannun da hagu, rawar na lafawa. A kan teburin shago babu laifi, tunda allunan ƙwaƙwalwar inji da ake kawo masa ba wuta a jikinsu. Ya ji daɗi, har ya ce wa mai walda ya sami ma'aikaci kyauta. Abin da bai lissafa ba shi ne hannu ma yana koyon hali. Hagun da ya yi shekara da shekaru a kulle ya saba da fitowa taimako, ko ba a kira shi ba.

Matar ce ta kama shi, ranar wanki. Ta juya wandunan ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta tsaya a kansa da guda a hannu.

"Malam, yaushe rabon da in yi maka faci?"

"Yadin bana ne mai kyau."

"Yadin bara ne, ni na saya. Ina hannun yake zuwa?"

Ya kau da kai.

"Ban hana ka aikinka ba," ta ce. "Na san in aka raba ka da shi an raba kifi da ruwa. Amma ka yi wa Allah, ranar da ka ga ya fito a gaban wuta, ka rufe akwatin ka taho gida. Kada ka sa a kawo mini kai a bayan mota."



Ba a jima ba injin kamfanin robobi ya tsaya, wanda shi ke kula da shi tun yana sabo. Mai walda ne ya kai shi a babur. Ma'aikata na zaune a kan buhunan ƙwayar roba sun zuba tagumi, warin narkakkiyar roba ya cika wurin. Manaja ya tarbe shi tun daga ƙofa.

"Baba, sannu da zuwa. Mu dai kai muka sani."

Ya buɗe akwatin, ya sa aka kunna. Daga ƙugin kawai ya san inda ciwon yake, saura ya tabbatar. Wurin da zai taɓa da bakin wayar mita ɗan ɗigo ne, a tsakanin sandunan jan ƙarfe biyu tsirara masu ɗauke da wutar da ke juya injin gaba ɗaya. Ya gyara tabarau, ya sa hagu a aljihu, ya miƙa dama. Bakin wayar ya shiga rawa kamar kan ƙadangare. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake miƙawa. Yana cikin lallashin hannun sai ya ji wani sanyi a tafinsa na hagu. Ya duba. Hannun ya fito da kansa, ya dafa ƙofar akwatin, yana shirin kai wa ɗan'uwansa agaji.

Mai walda ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya. "Bari in riƙe maka wuyan hannun, ba wanda zai gane."

"Don wutar ta kwashe mu mu biyu? Wa zai kai wa matanmu labari?"

Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Yana ganinsa ƙuru-ƙuru, ya san abin da mita za ta ce, tazarar ba ta kai tsawon yatsa ba. Sannan ya ce a kashe wuta. Ya nannaɗe wayoyinsa a hankali, ya rufe akwatin, ya gaya wa manaja abin da yake zargi da sunan wani mai gyara a ƙetaren titi.

"Haba Baba, ko mu jira ka zuwa gobe?"

"Goben ma hannun nan zan zo da shi, ɗana."

Da ya shiga gida ya ajiye jakar a kan keken ɗinki, ya ce, "Telata, ga ni da ƙafata." Ta dube shi, ta dubi jakar, ta shige ɗaki don kada ya ga fuskarta.

Ya dawo da ƙafarsa, amma rabinsa na can gaban akwatin. Rawar ta ƙaru har aikin tebur ya gagara, ya mayar da mabuɗin shago. Kullum sai ya zo rumfar mai walda ya zauna a benci, hannuwa biyu a kan cinya kamar baƙo a gidan mutane. In iska ta kawo ƙugin wani inji sai ya ɗaga kai ya ce, "Wancan ba zai kai mako ba," kuma ba mai tambayarsa dalili. Masu gaishe shi daga cikin mota suka koma ɗaga hannu, daga baya suka daina. Mutumin da ke cika rumfa da barkwanci ya zama sai an yi magana uku ya amsa ɗaya. Da ciwon ƙirji ya zo, bai tarar da wani abin kokawa ba. Likita ya ce huhu ne. Mai walda ya ce zama ne.

A gadon asibiti, ranarsa ta ƙarshe, ya daina gane mutane. Wata na'ura a gefen kansa tana ta ƙara a hankali, shi kuma hannunsa na hagu sai shafa gefen cinyarsa yake, yana sama yana ƙasa. Ma'aikaciyar jinya ta ce ƙila ƙaiƙayi ne. Matar ta girgiza kai. Rigar asibiti ba ta da aljihu.

Ta ninka gefen mayafinta biyu, ta kama hannun ta zura shi a ciki, ta rufe da tafukanta.

"Ga shi nan, Malam. Na ɗinke."

Ta ji ya dunƙule hannun, ya murza yadin sau ɗaya, kamar yadda ya saba in aiki ya yi zafi. Daga nan ya natsu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har aka zo rufe masa fuska ba ta saki hannun ba.