Muntaka Mai Amalanke da Ƙasar Tsohuwar Magaza

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Ubangijin da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya taskace ruwa a ƙarƙashinta domin bayinSa da dabbobinsu, Masanin abin da ke cikin kowace ƙwayar turɓaya alhali mai ɗaukarta bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Muntaka ɗan Sadisu haifaffen Matamaye ne. Ya yi karatu gwargwadon abin da zai gyara masa tsarki da salla, sannan ya kama noma kamar ubansa. Tun yana saurayi yake tafiya cin rani Kano, inda ya yi rani ashirin da wani abu yana share filayen gini bayan magina sun tashi. A can ya fahimci cewa abin da mutane suke haɗawa su kira baraguzai ba iri ɗaya ba ne, kowane tarkace da mai bukatarsa. Da gwiwoyinsa suka fara ƙin doguwar tafiya, sai ya zauna gida, ya sayi amalanke da wani jan sa, ya zama shi ake kira duk inda aka rushe tsohon gini ko aka gama sabo.

Al'adar wannan sana'a a garin ita ce, duk abin da mai gini ya ce a fitar masa, da zarar ya ƙetare ƙofar shantiye, wato filin da ake ginin, ya zama na mai kwasa. Muntaka ya riƙe wannan ƙa'ida da kyau. Guntayen rodi da tsohon kwano yakan tara wa masu sayen ƙarfe da ke bi ta Ɗan Barto. Fasassun bulo na masu cike harsashi ne. Ƙasar tsohon gini kuwa, ita ce aka fi roƙonsa idan bazara ta yi nisa, domin kowa yana son ya tare gindin katangarsa kafin ruwa ya sauka. Ba a cika miƙa masa hannu ba idan yana cikin aiki, saboda ƙurar da ke jikinsa, shi ma bai taɓa sa rai ba. Amma ba a taɓa jin ya ɗauki abin da ba a ce ya ɗauka ba, ko da ƙusa ce.

A unguwarsu akwai rijiya ɗaya mai ruwan daɗi, wadda gidaje fiye da sittin suke sha daga gare ta. Wani kwazazzabo ya taso mata daga gabas, kowace damina yana ci yana matsowa, har ya rage taku uku tsakaninsa da bakinta. Limamin unguwar, Malam Yunus, ya tsayar da mutane bayan sallar la'asar ya ce kowa ya kawo abin da yake da iko a cike wurin. Muntaka ya ce shi abin da yake da shi ƙasa ce, kuma zai nemo wadda ruwa ba ya ci.

A cikin kwanakin nan wani ɗan kasuwa ya sayi filin wata tsohuwar magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a bakin gari domin ya gina jerin shaguna. Magazar ta wani aikin gona ce da ya daɗe da rufewa, ta yi kusan shekara talatin a kulle. Shugaban magina, wani mai suna Haruna, ya kira Muntaka ya kwashe abin da aka rusa. Da aka kai ga daɓen ciki, sai aka tarar da ƙasa baƙa, mai maiƙo, mai wani wari da ke kama maƙogwaro.

Muntaka ya durƙusa ya damƙi ƙasar ya murza. Ya duba gindin bango, ya duba ragowar katakon ƙofa. Shekara talatin a rufe, amma ba gara, ba tururuwa, ko saƙar gizo babu. A saninsa, ƙasar da ta sha baƙin mai haka take, ƙwari ba sa shigarta, ruwa kuma zamewa yake yi a kanta. Ya ga Allah ne Ya kawo masa abin da yake nema.

Haruna ya ce, "Baba Muntaka, ka tsaya kana shafa ƙasa kamar ka zo sayen atamfa. Fitar min da ita, warinta ya hana mu cin abinci."

"Duka?"

"Duka mana. In kana so ka haɗa da warin, kyauta ne."

Kwana tara ya yi yana jigila, sawu biyu kowace safiya kafin rana ta yi zafi. Ya zuba a kwazazzabon, ya yayyafa ruwa, ya daɓe da kansa har ta kama kamar siminti. Ya riƙa jin ciwon kai a kwanakin, amma ya ɗora laifin a kan zafin bazara. Mata masu ɗibar ruwa suna ta sa masa albarka, ban da Balki, 'yar kawunsa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da awaki biyar. Taubasai ne, ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsokana ba.

"Bawana," in ji ta, "wannan wari naka ne ko na ƙasar?"

"Uwar ɗakina, in nawa ne ai da kin saba da shi, tunda gadonsa na yi daga gidan kawuna."

Mata suka yi ta dariya.

Bayan kwana biyu aka tsinci kaji matattu a kan sabon daɓen. Aka ce ciwon kaji ne. Kashegari awakin Balki suka tsaya suna lasar ƙasar, kamar yadda dabba take yi wa ƙasar tsohon gini saboda gishirinta. Kafin azahar huɗu daga cikinsu suna kwance suna shure-shure, kumfa na fita daga bakinsu. Ba a ko yanka su ba, domin Malam Yunus ya hana a ci abin da ba a san sanadinsa ba. Ya aika aka kira Sa'adu, malamin gona, mutum mai natsuwa wanda ya yi karatunsa a Yamai.

Sa'adu ya tono ƙasar da tsinke ya kai kusa da hancinsa, ya yi saurin jefarwa. Ya tambayi inda aka samo ta. Da aka gaya masa, sai ya juya wajen Muntaka.

Ya ce, "Baba, wannan ba baƙin mai ba ne. Maganin fara ne. A magazar nan aka ajiye gangunansa tun zamanin feshi, suka yi tsatsa suka tsiyaye, ƙasa ta shanye. Garar da ba ka gani ba, mutuwa take yi kafin ta kafa gida."

Muntaka ya ce, "In ruwan sama ya sauka a kanta fa?"

"Zai tafi da ita cikin rijiya. Sai dai a rufe rijiyar, kuma ba na shekara ɗaya ko biyu ba."

Aka ce a rufe wurin da tamfol. Sa'adu ya ce ba zai yi ba, domin a kan hanyar ruwa take, ta ƙarƙashi zai bi. Ya hana kowa taɓa ta, ya aika takarda Damagaram a turo kamyo, wato babbar motar kaya, da ma'aikata masu rigar kariya. Amsa ta zo cewa sai bayan mako biyu. A ranar kuwa hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, manoma suna gyara iri.

Muntaka ya tafi shantiye wajen Haruna ya roƙi a ba shi aron motar da ke kawo musu yashi, ko na yini ɗaya. Haruna bai ko sauko daga kan bulon da yake zaune ba.

"Ni na ce ka fitar, ban ce ka kai bakin rijiyar mutane ba. Ba kai ne kake cewa abin da ya ƙetare ƙofa naka ne ba? Ƙarfen da ka kwasa, na tambaye ka inda ka kai?"

Muntaka ya tsaya ya dube shi. Bai sami ƙarya a maganar ba, duk da rashin tausayin da ke cikinta.

Ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Tawa ce."

Da ya koma gida ya ɗauko diga da shebur, matarsa Shekara ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, malamin gona ya ce kada kowa ya taɓa."

"Ya ce kuma mako biyu. Fita ki dubi gabas."

"To a yi gayya. Kai kaɗai kake sha a rijiyar?"

"Ni kaɗai na zuba. In na kira 'ya'yan mutane wani abu ya same su, da wane baki zan yi wa iyayensu magana? Na awaki ma ban san yadda zan yi da shi ba."

Ta ce, "Ni fa, da wane baki za ka yi min?"

Ya saɓa digar a kafaɗa. Ta matsa ya wuce.

Da Sa'adu ya ga ba zai hanu ba, sai ya kawo masa safar hannu ta roba da ƙyallen rufe hanci, ya nuna masa wani tsohon ramin burji a kan tudu, nesa da gonaki da rijiyoyi, ya shimfiɗa tamfol a ciki. Maza uku sun zo da shebur da safiyar farko, Muntaka ya rantse da Allah cewa in suka sa hannu zai ajiye nasa ya tafi. Suka koma gefe suka tsaya.

Aikin bai yi kama da na farko ba. Ƙasar da ya daɓe da hannunsa sai da diga take fasuwa, kowane sara kuma yana tayar da ƙura da wari. Babu zancen jiran sanyin safiya, daga fitowar rana har faɗuwarta yake yi. Safar hannun ta yage tun a yinin farko. Ƙyallen yana jiƙewa da gumi ya hana shi numfashi, sai ya sauke shi zuwa haɓa. A rana ta biyu ya fara amai, yana ganin mutum ɗaya kamar biyu. Ya yi sallar la'asar a zaune a inuwar amalanke, bayan ya wanke jikinsa da sabulu nesa da rijiya kamar yadda aka umarce shi. Malam Yunus ya zo ya ce masa rai amana ce, ba a yarda mutum ya jefa shi cikin halaka ba. Muntaka ya ce ya sani, Allah Ya gafarta Malam, amma ruwan gida sittin ma amana ne, kuma saura sawu biyar.

A rana ta uku ya kankare har ƙasar da baƙar ta taɓa, sai da jar ƙasa ta fito. Ya kai sawun ƙarshe bayan azahar, shi da Sa'adu suka ja tamfol suka rufe ramin, suka danne da duwatsu. Iska ta taso suna kan hanyar dawowa. Ruwan farko na shekarar ya sauko da ƙarfi kafin su shigo gari, ya bi kwazazzabon ya wuce gefen rijiya, ja kamar kowace shekara. Muntaka bai gan shi ba. Ya faɗi daga kan amalanke jikinsa yana karkarwa, aka ɗauke shi zuwa gidan likita, daga nan aka wuce da shi Damagaram.

San da ke jan amalanken ya mutu bayan kwana huɗu. Kamyon ya zo bayan kwana goma sha tara, aka kwashe abin da ke ramin, aka auna ruwan rijiya aka ce lafiya lau yake. Mutane suka ci gaba da sha.

Muntaka ya dawo gida bayan wata guda, amma ba yadda ya tafi ba. Hannunsa ba ya riƙe buta, sai Shekara ta zuba masa ruwan alwala. Harshensa ya yi nauyi. Waɗansu sun zo gaishe shi, waɗansu kuwa ba su zo ba, har aka sami masu cewa biyansa aka yi ya kawo guba unguwa, tsoron hukuma ne ya sa ya kwashe. Maganar ta kai kunnensa, amma ba ita ta dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne Balki, wadda ba ta yi masa magana ba tun ranar awakin. Ya aika Shekara ta roƙar masa gafara. Balki ta zo da kanta, ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana dubansa.

Ya ce da ƙyar, "Uwar ɗakina, ki yafe min."

Ta ce, "Dube shi. Ko roƙon ma bai iya ba." Sai kuka ya ci ƙarfinta. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta tashi ta fita da sauri.

Ya rasu a farkon kaka, ana yankan gero, yana da shekara sittin da ɗaya ko da biyu. An yi masa salla a ƙofar gidansa, sahu uku ne ba su cika ba, domin yawancin maza suna gona. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da ke gidajen aurensu a Yauri.

Ya Allah, bawanKa Muntaka ya zo gare Ka, Kai ne Masanin abin da ya nufa da abin da ya kuskure. Ka gafarta masa kuskurensa, Ka karɓi niyyarsa, Ka sanya jinyarsa ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga abin sha mai tsarki a ranar ƙishirwa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka shirya harsunan da suka zalunce shi, Ka yi masa rahama da mu baki ɗaya. Amin.