Wayar Matar Yaya

A shekarata ta biyu ina karatun tsaron intanet a Kano, akwai malamin da ke koya mana ɗa'ar aiki. Maganarsa kullum ɗaya ce: wayar mutum ɗakinsa ce, ko ka iya ɓalle ƙofar, ba ka shiga sai ka yi sallama an amsa. Mu kuwa mu yi ta gyaɗa kai muna rubutawa. A aji abin da sauƙi, tunda babu yayan kowa a ciki.

Ƙauyenmu yana kusa da Watari, kuma ba mu da wutar lantarki. Da safe ake tara wayoyin gida a kai shagon caji, su yini a hannun samari, wanda ya ga dama ya duba hotunanka, ya saurari saƙonka. Da na je hutu abin ya tsaya min a rai, na tara matan gidanmu na sa wa kowacce lambar sirri. Inna ta ce in cire mata, ita ba ta da kan riƙe lamba. Matar Yaya ce kaɗai ta riƙe tata, tana tsokanata wai 'yar birni ta zo mana da kwaɗo.

Na san abin da ke cikin wayar, don ita ta gaya min. Rubutu bai zauna mata ba, murya take aikawa. Tun da ta yi ɓari na biyu, idan ta samu kanta ita kaɗai a ɗaki sai ta danna ta yi wa yayarta da ke aure a Minjibir magana. Ta yi kuka, ta faɗi abin da Inna ke ce mata a kan haihuwa, da yadda Yaya ke sunkuyar da kai ya yi shiru. Ba zagi ba ne, abin da ke cin zuciya ne take fitarwa.

Hutun da ya biyo baya, lokacin ɗiban tumatir, Yaya ya same ni a zaure da hantsi, ƙafarsa duk laka. Ya biya shagon caji ya karɓo wayar matarsa.

"Injiniya, buɗe min wannan."

"Yaya, ai tata ce. Ka tambaye ta mana."

"In roƙi matata lamba? Samarin shagon nan har dariya suke min. Mace mai gaskiya me za ta ɓoye?"

Haka mazanmu suke, gara su zaga ta bayan gida da su buɗe baki su tambaya. Na ce masa ni na sa lambar, saboda samarin ne. Ya ce to wadda ta kulle ita za ta buɗe. Gaskiya zan iya, tsohuwar waya ce, kwamfutata kuma tana cikin jaka. Na ce masa na iya, amma ba zan yi ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Bokon da muka kai ki ke nan?" Ya mayar da wayar aljihu.

Na shiga na gaya wa matar Yaya. Ta tsaya da muciya a hannu, tuwo na tafarfasa. "To ya zan yi, 'yar birni?" Na je wa Inna ko za ta tsawata masa, ta ce tsakanin miji da mata sai Allah, in kama kaina.

Ranar kasuwar Bici ya tafi da kwandunan tumatir da wayar. Mai gyaran da ya kai wa ko tambayar ta wace ce bai yi ba. Bayan la'asar ya dawo, ya kifa turmi a tsakar gida ya zauna, ya ƙure ƙarar wayar. Muryar namiji yake nema. Abin da ya fito muryar matarsa ce tana kuka, tana cewa Inna ta kira ta randa mai yoyo, kuma ita gidan nan ya ishe ta. Inna na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Kafin ya lalubo inda ake kashewa, kowa ya ji.

Babu wanda ya yi faɗa, kuma da an yi da ya fi. Inna ta kwashe gyaɗarta ta shige ɗaki. Daga ranar, in matar Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, "lafiya" ce kawai, ba ƙari. Shi kuwa Yaya har da sakin fuska, ya ce min, "Ashe ma ba komai a ciki." Wallahi na ji kamar in fasa masa wayar a ka.

Na bi maganar malam, hannuna bai taɓa wayar ba. Amma me hakan ya tsare mata? Ba a koya mana abin yi ba idan mai neman ɓalle ƙofar yayanka ne, uwarka na bayansa, ga kuma wani a kasuwa da zai ɓalle masa ba tambaya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san abin da ya kamata in yi dabam ba.

Ranar da zan koma makaranta, matar Yaya ta rako ni bakin zaure ɗauke da jakata. Na ce ta kawo wayar in sa mata lambar da babu mai gyaran da zai iya da ita.

"Bar shi, 'yar birni. Na daina magana a ciki."

"Yayarki fa?"

"Gaisuwa kawai muke yi yanzu."

"To wa kike gaya wa?"

Ta gyara min mayafi a kafaɗa, ta ce in yi sauri kar mota ta tafi ta bar ni.