Tsinken Awon Ƙafa

Ma'aikaciyar ofishin kula da yara ta kasa ɗauke ido daga mutumin da ke zaune a bencin jira. Dogo ne siriri, faratansa baƙi ƙirin da man inji, ga tsinken tsintsiya maƙale a kunnensa kamar biro. Takardar da ke gabanta ta ce shi ne uban da ya kulle 'yarsa a ɗaki kwana biyu, ya tafi gyaran mota. Yau za a yanke hukunci: ta koma hannunsa, ko ta ci gaba da zama wurin gwaggonta.

To, tsinken fa na mene ne?

Yarinyar na shigowa tare da gwaggonta ya durƙusa, ya ciro sababbin takalma daga leda. Ƙafa ta ƙi shiga.

"Wallahi na auna, Yaya," ya ce wa gwaggon, yana nuna tsinken.

"Yaushe ka auna?"

Ashe awon bara ne yake ta adanawa.

Yarinyar ta take bayan takalman da dunduniya, ta tako. "Sun yi min, Baba."

Ma'aikaciyar ta buɗe bironta, ta sake rufewa.