Goggo Notburga, Mai Rainon Furen Dutse

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta safe, Goggo Notburga Pirchner ta riga ta fito bayan ɗakin shanunta da butar ban ruwa. Ruwan sama take tarawa a ganga, domin abin da take raino ba ya son na famfo. Tana bin akwatunan katakonta ɗaya bayan ɗaya, ta tsince dodon koɗi, ta taɓa ƙasar da yatsa, sannan ta koma ciki ta karya da burodi da cuku. Mu mutanen wannan kwari na Tirol haka muka santa tun gashinta yana baƙi.

Arnika take raino, furen nan ruwan ɗorawa da iyayenmu ke jiƙawa a mai su shafa wa targaɗe. Muna yara, makiyayar saman dutse cike take da shi. Sai masu sayarwa suka yi ta tsinka, manoma kuma suka yi ta zuba taki don ciyawa ta yi kauri, shi kuwa taki kashe shi yake yi. Aka wayi gari bai rage ba sai a wani ɗan fili can sama, ƙarƙashin ƙololuwar tsauni. Can Goggo ke hawa duk ƙarshen rani ta ɗebo irin, marar nauyi kamar gashin tsako, ta shuka shi da ɗanyensa. Ya kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya fito da 'yan ganye manne da ƙasa, sai an yi shekaru kafin ya ba da fure.

Maƙwabcinta Kassian ba ya wucewa bai tsokane ta ba.

"Notburga, mutane na kiwon shanu, ke kina kiwon ciyawa. Yaushe za a fara tatsa?"

"Ranar da bakinka ya huta," in ji ta.

Wata shekara ruwa ya yi ta zuba a kan ƙanƙara mai narkewa, gefen dutsen ya zaftaro. Ba a rasa rai ba, amma ɗan filin nan ya shige ƙarƙashin laka da duwatsu. Surukarta Filomena ce ta raka ta dubawa. Ta ce Goggo ta daɗe a tsaye tana kallo, har sanyi ya fara shigarsu.

"Inna, mu sauka."

"Kin san abin da ya rage yanzu? Na bayan ɗakin shanuna kaɗai."

Da suka iso gida ta kira ɗanta Vinzenz ta ce makiyayarsu ta sama ba za ta ƙara ganin taki ba, can za ta dasa.

"Inna, ciyawar ba za ta kai mu ƙarshen sanyi ba. Me shanun za su ci, fure?"

"Ka fitar da tawa daga garken, ka sayar."

Saniyar nan ita ta raine ta tun tana maraƙa, marigayi mijinta ne ya bar mata uwarta. Ranar da aka zo tafiya da ita, Goggo ba ta leƙo ba. Washegari muka gan ta da kwando a baya, cike da dashe, tana hawa.

Dashen farko awaki suka tattake shi, suka cinye rabi. Ta sauko idonta jajir, ta sake shuka. Ba a yi mako ba sai ga Kassian yana hawa da turaku da wayar shinge a kafaɗa.

"Kada ki ɗauka don furenki ne. Awakina nake tsoron su ɓata ciki."

"To ka kafa su da kyau, don lafiyar awakin."

Da lokacin furen ya yi, aka hango ruwan ɗorawa tun daga ƙofar coci. Tsofaffin da ba sa iya hawa suka fito bakin hanya suna nuna wa jikoki. Yau gidaje da dama sun ware gefen makiyaya ba taki, kuma duk furen da ke can daga akwatunan Goggo ya fito.

Goggo Notburga, uwar furen dutse, ke ce kika riƙe abin da duk muka ɗauka ya tafi. Ke ce kika rabu da abin da kike so don tsiron da ba ki da tabbacin zai rayu. Ba a rubuta sunanki a jikin komai ba, ba ki kuma nema ba. Muna alfahari da cewa a kwarinmu aka haife ki.

Bana gwiwoyinta sun ƙi. Likita ya hana ta hawa, ta yi gardama, gwiwar ta fi ta. Da na je gaishe ta na tambaye ta wa zai ɗebo irin.

"Duk mai ƙafa," ta ce. "Ku kawo ƙafa, ni zan kawo faɗa."

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ki lafiya, ya bar mana ke ki daɗe kina yi mana faɗan. Ku kuma jama'a, irin ya kusa nuna, iska ba za ta jira mu ba. Kowa ya ɗaure takalminsa, mu biya ta ƙofarta mu ji yadda ake yi, sannan mu hau.