Sake-Ɗebo da Kwalbar Shaida

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa ofis. Kafin ta ajiye jaka, firij take fara buɗewa. Ta duba ma'aunin sanyi, ta rubuta abin da ta gani a takardar da ke manne a jikin ƙofar. Sai ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta gwada na'urorin awo da wani ruwa da aka riga aka san awonsa, don ta tabbatar babu na'urar da ta tashi da ƙarya. Bayan nan ne take amsa gaisuwa da kyau. Wanda ya gaishe ta kafin nan, ɗaga kai kawai zai samu. Haka take yi shekara ashirin da takwas.

Ina magana ne a kan mai kula da ingancin sakamako a ɗakin gwaje-gwaje na hukumar ruwa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni ne tsohon direban motar ɗibar ruwa. Na riga ta shiga hukumar, na riga ta fita. Ba na yabon mutum don a ce na yi yabo. Wanda ya san ni ya san haka.

Aikin hukumar ba shi da wuyar fahimta. A ɗebo ruwa a kogi, ko madatsa, ko rijiyar burtsatse. A kawo shi a auna. Abin da awon ya nuna, shi manya suke dogara da shi su ce a sha, ko a ƙara magani, ko a rufe. In awon ya yi ƙarya, hukuncin ma ƙarya ne. Tsakanin bakin ruwa da teburin darakta, kwalba tana bi ta hannu biyar ko shida, kuma kowane hannu yana iya ɓata ta. Matar nan ita ce ta zauna ta rubuta kundin yadda za a bi da kwalba. Wace iri ce ta wane gwaji. Yadda za a wanke ta. Awa nawa za ta yi a hanya kafin a ce ta lalace. Wa ya karɓa daga hannun wa, da ƙarfe nawa. Kundin yana kan teburinta, bangonsa shuɗi, gefensa ya yi baƙi don buɗewa.

Sunan da muka sa mata Sake-Ɗebo. Asalinsa, wani injiniya ne ya dawo daga madatsa, tafiyar awa uku, da kwalabe goma sha biyu. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Babu lokacin ɗiba a jikin ko ɗaya.

Ya ce, "Haba Malama, wajen sha ɗaya ne. Rubuta sha ɗaya."

Ta ce, "Ni ban je ba, ba zan rubuta ba. Kai da ka je ma 'wajen' kake cewa. Sake ɗebo."

Ya ce, "Digirina biyu fa."

Ta ce, "To ka tafi da su duka biyun, ɗaya ya riƙe maka agogo."

Ni na mayar da shi. Duk hanya yana surutu, ina tuƙi. Sunan ya bi ta tun daga ranar, kuma ba ta taɓa jin haushinsa ba. Har a waya takan amsa shi.

Cikin dokokinta akwai wadda na fi rainawa. Duk fitar da za mu yi, sai ta cika wata ƙaramar kwalba da tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji, ta rufe, ta sa a cikin kular da muke jera sauran kwalabe da ƙanƙara. Ba a buɗe ta a hanya. Ba a tsoma ta a ko'ina. Ta je, ta dawo, a auna ta tare da sauran. Tana kiranta kwalbar shaida. Ta ce in aka ga datti a cikinta, to ba daga ruwan wurin ya fito ba, a hanya ya shiga, kuma duk kwalaben tafiyar sun zama abin zargi. Ni kuwa ina ce mata fasinjar banza. Ina tsokanarta, "Malama, ga 'yar gatanki, ta sha iska ta dawo." Ta ce, "Baba, ka dai riƙe min ita da mutunci."

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata shekara mutanen wata unguwa suka kawo kuka, ruwan burtsatsensu yana wari. Kusa da rijiyar akwai garejin wani bakanike, taku sittin ko saba'in tsakaninsu. Mutanen unguwa sun riga sun yanke hukunci, sun ce man da yake zubarwa ne ya ratsa ƙasa. Mutumin yana da mata da 'ya'ya biyar, ga mahaifiyarsa a hannunsa, ga magidanta huɗu da suke aiki a ƙarƙashinsa. Filin garejin shi ne duk abin da ya mallaka. In hukuma ta ce mai ne a ruwan, za a rufe shi, kuma ba zai sake zama unguwar ba.

Aka tura mu. Na kai mai ɗiba, ya cika kwalabensa yadda kundi ya ce. Bakaniken yana tsaye daga nesa, hannu duk baƙin mai, yana kallonmu. Da za mu tafi ya matso ya ce mini, "Baba, don Allah a auna da gaskiya. Ni a durom nake tara tsohon mai, ban taɓa zuba shi ƙasa ba." Na ce masa ni tuƙi ne nawa.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito. Akwai alamar fetur a ruwan. Darakta ya sa aka buga takardar rufe gareji. Mutanen unguwa suna zaune a benci a ƙofar ofishinsa, suna jira. Abu ɗaya ya rage, sa hannun Sake-Ɗebo a ƙasan sakamakon. Ba a fitar da sakamako sai da hannunta, haka kundin ya ce, kuma darakta da kansa ya amince da kundin.

Ta ƙi.

Sakataren darakta yana wurin, shi ya ba mu labari, kuma mutum ne da ba ya ƙari.

Ta ce, "Yallaɓai, kwalbar shaida ma ta nuna fetur."

Darakta ya ce, "Kaɗan ne ai."

Ta ce, "Na rijiyar ma kaɗan ne. Kusan kai ɗaya suke. Ita kuwa shaida ba ta taɓa shiga rijiyar ba. Ina ta samo shi?"

Ya ce, "Ga mutane can a waje. Rijiya tana wari, gareji yana gefenta, awo ya nuna mai. Me kuma kike nema?"

Ta ce, "Ina neman inda man ya fito. Ka ba ni kwana uku."

Ya ce, "In na ce ki sa hannu fa?"

Ta ce, "Alƙalami yana hannunka, Yallaɓai. Kana iya sa naka. Amma zan rubuta a ƙasa cewa ban yarda ba, da dalilina."

Darakta ya ce kwana uku, ba huɗu ba. Ya fita da kansa ya ba mutanen haƙuri, ya ce kada kowa ya sha ruwan tukuna, ya sa tankar hukuma ta riƙa kai musu. Sun tafi suna guna-guni. Wani ya ce an sayi hukuma. Ta ji, ba ta waiwaya ba.

Ta fara da ɗakinta. Ta auna ruwan da take cika shaida da shi, tsaf yake. Ta duba wankin kwalabe, babu laifi. Ta tambayi mai ɗiba ko ya taɓa injin janareto kafin ya yi aiki, ya ce a'a. Da la'asar sai ga ta a rumfar motoci. Ina zaune da sauran direbobi muna shan shayi.

Ta ce, "Baba, ina son ganin bayan motarka."

Na ce, "Me za ki gani? Motata ta fi ɗakinki tsabta."

Ta ce, "To ba za ka ji kunyar buɗewa ba."

Na buɗe. Ta sunkuya, ta shinshina shimfiɗar. Ta kai hannu lungu, bayan tayar ajiya, ta jawo jarkata. Jarkar fetur ce da nake yawo da ita tun kafin a ɗauke ta aiki, saboda hanyoyinmu ba ko'ina ake samun gidan mai ba. Murfinta ya tsage, na naɗe bakin da leda. A ranar ɗibar nan jarkar tana jingine da kular, ga rana, ga gilashi a rufe, awa huɗu.

Na ce, "Kwalabenki a rufe suke. Ko ɗigo bai zuba ba."

Ta ce, "Ba sai ya zuba ba. Tururinsa ya isa. Na'urar nan tana jin abin da hancinka ba ya ji."

Na ce, "Shekara ashirin ina yin haka, ba wanda ya mutu."

Ta ce, "Shekara ashirin ba fetur ake nema a ruwan ba. Yau shi ake nema."

Wani direba ya ƙunshe dariya, na ji shi. Raina ya ɓaci. Na girme ta da shekara goma sha biyar, kuma ba a taɓa kama ni da kuskure a motar nan ba. Na rage murya na ce, "'Yata, a bar maganar nan tsakaninmu. Mu sake ɗebowa kawai."

Ta ce, "Za mu sake ɗebowa. Amma sai na rubuta dalili. In na ɓoye, gobe wani direban zai yi, a rufe wa wani shago." Sai ta ƙara da cewa, "Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Kundina ya yi maganar kwalba, ya yi maganar hannu, bai ce komai a kan mota ba. Wannan giɓin ni na bar shi. Shi ma zan rubuta."

Ta rubuta kuwa. Na ga rahoton. Nata kuskuren ne a layin farko, nawa a na biyu.

Washegari na fitar da jarkar, na cire shimfiɗa, na wanke motar da sabulu sau biyu, na bar ta a buɗe ta sha iska. Matata ta ji labari ta ce, "Ikon Allah. Shekara talatin ban iya sa ka ɗauraye kofin da ka sha shayi ba. Ka kawo min matar nan in ga fuskarta."

Muka koma. Wannan karon da ita a gaban mota, kular a kan cinyarta. Aka ɗebo, aka auna. Shaida ta dawo tsaf. Ruwan rijiyar ma babu ɗigon fetur. Ba ta tsaya nan ba, ta ce warin da mutane suke ji gaskiya ne, sai an nemo shi. Aka hau tankin burtsatsen aka buɗe. Laka da tsatsa ne suka taru a gindinsa, an yi shekaru ba a wanke ba. Aka wanke, aka canza bututu biyu, wari ya tafi. Darakta ya yaga takardar rufe gareji a gaban sakatarensa.

Daga baya na ce mata zan je in gaya wa bakaniken wanda ya tsaya masa. Ta hana ni. Ta ce, "Ban tsaya masa ba, Baba. Da awo na biyu ya nuna mai, ni zan fara sa hannu a rufe shi." Na san da gaske take. Na taɓa ganin ta sa hannu an rufe rijiyar unguwar da yayarta take zaune, suka yi wata biyu ba sa gaisawa.

Kundin shuɗi ya ƙaru da shafi ɗaya. Ba a ɗora mai, ko fenti, ko maganin ƙwari a motar ɗibar ruwa. Ana duba mota kafin fita. Kuma a takardar da ke bin kwalabe ta ƙara layi, wurin sa hannun direba. Da can direba ba ya cikin masu sa hannu, kamar kwalaben da kansu suke tafiya. Ni na fara sa hannu a layin nan. Rubutuna ba kyau gare shi ba, amma ban taɓa sa shi a kan ƙarya ba.

Malama, ke ce kika nuna mini cewa mai tuƙa ruwa ma yana cikin masu auna shi. Ke ce kika kunyata ni a gaban abokan aikina, kuma kika yi daidai. Ba ki ɗaga mini murya ba, ba ki kuma rage mini komai ba. Mace mai hannun da ba ya sauka sai a kan abin da ido ya gani. Dubban mutane sun sha ruwa lafiya saboda ke, ba su san kamanninki ba. Na gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya raya miki zuriya.

Ku kuma da za ku gaji teburinta, ku ji ni. Kundin yana nan, amma kundi ba ya cewa a'a. Mutum ne yake cewa. Ranar da babba zai tsaya a kanku, mutane suna jira a waje, lamba ta yi daidai da abin da kowa yake son ji, ku fara duba kwalbar shaida. In ba ta dawo tsaf ba, ku ajiye alƙalami. Ku direbobi, ku duba bayan motarku.

Shekaranjiya na bi ta unguwar. Garejin yana nan, ya ƙara rumfa. Mata suna layi a bakin famfo. Bakaniken ya yi furfura, ya ɗago daga cikin injin wata mota ya gane ni. Ya ce, "Baba! Ashe kuna aunawa da gaskiya."

Na ce masa, "Akwai mai sa mu."