Ranar da Na Durƙusa wa Kawu a Gaban Kwamfuta

Ina koyarwa a wata sakandaren 'yanmata a Gwarzo lokacin da wata jami'a ta ƙasar Turai ta ɗauke ni karatun digiri na biyu ta intanet, cikin wani shiri da suka ce na taimaka wa malaman ƙasashe irin tamu ne. Sharaɗinsu kuwa ba wasa: wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen zango, ko aka kama shi da maguɗi, an sallame shi ke nan. Ni kuma na ƙwallafa rai a kan digirin nan. Na gaji da ganin ƙannen bayana suna tafiya karatu, suna dawowa su zama shugabannina.

A gida ake rubuta jarrabawar, amma ba mutum ne ke tsaronka ba. Manhaja ce a cikin kwamfuta take zuba maka ido ta kyamara. Dole ta riƙa ganin fuskarka daga farko har ƙarshe, ba magana, ba tashi, ba wani mahaluki kusa da kai.

Ranar gwaji na zauna a ɗakina na kunna. Manhajar ta ce ba ta ga fuska ba. Na yaye labule, na buɗe taga, na dalle kaina da fitilar waya har idona ya kawo ruwa. Ba ta ga fuska ba. Na kira abokiyar aikina, malamar Turanci 'yar kudancin Kaduna da muke haya gida ɗaya, ta zauna a kujerar. Ita ma baƙa ce wuluk kamar ni, ita ma ba a gan ta ba. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko kwalin sabulu mai hoton wata Baturiya ta kara a gaban kyamarar. Nan take alamar ta koma kore.

"To Malama, ga wadda za ta rubuta miki," in ji ta.

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Amma da ta fita, sai baƙin ciki ya kama ni. Kwalin sabulu yana da fuska, ni da nake numfashi ba ni da ita.

Da ƙyar na gano cewa in rana ta dake ni sosai, manhajar tana ganina. Gidan hayarmu kuwa injin markaɗe ne a jikin katanga, ba ya shiru sai magariba. Saboda haka na tattara na tafi Kabo wurin Inna, mahaifiyata, inda tsakar gida ke da fili kuma sabis na kamawa. Na kore kaji, na ɗaure akuya a bayan gida, na roƙi Inna ta zauna a zaure kada ta bar kowa ya shigo.

Hantsi ya dubi ludayi na fara jarrabawar. Rana a goshina, gumi na gangarowa cikin ido, ina tsoron sa hannu in share kada a ce na rufe fuska. Ko kurciya ta yi kuka sai gabana ya faɗi. Duk da haka tambayoyin sun zo min da sauƙi, na ci fiye da rabi, har na fara jin sanyi a raina.

Sai na ji sallama.

Kawu ne, yayan Inna, daga Gammo. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni firamare a kan kekensa lokacin da dangi ke cewa bokon mace ɓata lokaci ne. Inna ta taso bayansa tana murza hannu. Ta yaya za ta tare yayanta a ƙofa ta ce ya dakata?

Ban yi shawara da kaina ba. Kafin in tuna da wata kyamara, na sauka daga kujera, gwiwoyina a ƙasa, kaina a sunkuye.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar nan. An tashi lafiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Kawu. Ya mutanen gida?"

"Lafiyarsu ƙalau. Ya maigidan naki? Ya yara? Ya ɗalibai? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Kawu."

Ya hango kwamfutar ya ce, "Au, karatun ne? Madalla." Ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, Allah ya ba da sa'a, Allah ya sa a fi ƙarfin abokan gaba, ina amin, Inna na amin. Muka shafa. Da na koma kujera, fuskar kwamfutar ta yi ja. An rufe jarrabawar.

Makonnin da suka biyo baya ban san inda kaina yake ba. Ina cikin aji ina duba waya, ina cin abinci ina duba waya. Daga ƙarshe mutanen jami'ar suka kira ni zama ta bidiyo. Malamai ne masu fara'a, kowa da kantar littattafai a bayansa. Suka nuna min hoton kujerata babu kowa, ga muryoyi na tashi. Suka ce manhaja ta rubuta cewa ɗaliba ta ɓace, ta yi doguwar magana da wani namiji cikin harshen da ba a sani ba. Suka nemi in fassara.

Na fassara musu tiryan-tiryan. Ya tambaye ni yadda na kwana, da gajiya, da yara, da ruwan sama. Wata daga cikinsu ta yi murmushi ta ce abin sha'awa, amma me ya hana in ce masa ya jira? Nan raina ya ɓaci. Na ce mata ɗakinta yana da ƙofa da makulli da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma na'urarsu tana ganin fuskarta ko a inuwa. Ni sai da na fito tsakar gida na shanya kaina kamar barkono kafin ta yarda ni mutum ce, a tsakar gida kuwa mutane ke wucewa. Suka ce sun gode da wannan bayani mai amfani, za su duba.

Hukuncinsu shi ne ba a tabbatar da maguɗi ba, amma na karya doka. Aka ba ni dama ta ƙarshe a zango na gaba. Na rubuta a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ranar Asabar, da janareta da ƙwayayen lantarki a gaban fuskata, abokiyar aikina ta datse ƙofa da kwaɗo ta waje. Na ci.

Na so abin ya tsaya tsakanina da Inna, amma Inna ba ta iya riƙe magana ba. Da hutu na je Gammo in kai wa Kawu albishir. Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa, wayata a hannu, na ce, "Kawu, ina wuni?"

Mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi har kajin gidanka, ya tsaya yana kallon hannuna. Ya nuna wayar da leɓe, ya rage murya.

"Tana ji? Kashe ta tukuna, 'yar nan, kada in sake jawo miki."