Wainar Hajo da Takardar Sista Furera

"Shi ne na ce masa, Oga, ƙarin girma babu ƙarin albashi ai ɗaurin talala ne. Ɗaga ƙafar, Zayyanu. Ba wannan ba, mai ciwon."

Na ɗaga. Salansar mashin ce ta ƙone ni a ƙwauri ina dawowa da buhun albasa daga kasuwar Mile 12, don haka kullum da safe sai na je wankin ciwo wurin Sista Furera, a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan layin dogo a nan Agege ta Legas.

Na ce, "Me ya ce miki, Anti?"

"Dariya ya yi. Ya ce in je in gwada hular."

Hular tana kanta, fara mai baƙin layi biyu, a karkace bisa ɗankwali. Ta babbar nas ce. An ɗinka ta ne don kan wata.

A Agege aka haifi Furera, mahaifinta dillalin shanu ne. In tana Yarbanci da masu jiran layi ba za ka ce Bahaushiya ba ce, sai ranta ya ɓaci sannan Kananci ke fitowa. Da ta gama makarantar koyon aikin jinya, shekara uku ta yi a gida. Takalmi biyu ta cinye wajen kai takardun neman aiki, ko'ina a ce mata babu gurbi. Ta koma ƙulla kunun aya a leda, rediyon babanta kuma kullum yana sanar da cewa ƙasa na neman nas ruwa a jallo.

"In na ji haka sai in leƙa ƙofar gida," in ji ta, "ko masu neman ne suka iso."

Lokacin da mai wannan asibiti, wanda kowa ke kira Oga Dakta, ya ɗauke ta, su tara ne nas a wurin. Sai japa ta shigo, wato guduwar ma'aikata ƙasashen waje. Wannan Ingila, waccan Kanada. Duk wadda za ta tafi sai an yanka kek an sha lemo an yi hoto. Har mai kek ɗin ta daina tambayar sunan da za ta rubuta, sai dai ta tambayi ƙasa. Yanzu saura su biyu, ita da Hafsa, wadda ta gama makaranta wata takwas da suka wuce.

Furera ma ta samu nata. Wani asibiti a Jidda ya amince zai ɗauke ta, abu ɗaya ya rage: takardar shaida da sa hannun babbar nas ɗin da take aiki a ƙarƙashinta, kuma a aika kafin Juma'ar wannan mako ta wuce. Ta kai wa Madam Folake, babbar nas ta lokacin, ta ce ta dawo gobe. Goben nan a Ingila ta sami Madam Folake. Ta kai wa Sista Nkechi da ta gaje ta, ta tafi da takardar gida don ta rubuta a natse, bayan kwana tara ta bugo waya daga Kanada tana ba da haƙuri. Furera ta sake buga wata takardar. Kafin ta gano wanda za ta kai wa, Oga Dakta ya kira ta ofis ya ɗora mata hula.

Na ce, "To shi ya sa miki hannu mana."

"Wai shi likita ne ba nas ba, ba zai yi ƙarya a takarda ba. Mutumin da ke rubuta wa direbobin motocin haya na danfo shaidar lafiyar ido ba tare da ya ɗago kai ya kalle su ba, ranar ya tuna da tsoron Allah."

Ranar Laraba na same ta da kwanon waina a kan tebur, har da miyar taushe. Hajo mai waina ta bakin masallaci ce ta aiko. Sadaka ce, in ji Furera, karo na uku ke nan cikin mako uku.

"Matan unguwar nan akwai kara. Sun ji ina fama da takarda, suka tashi tsaye. Ci mana."

Ban iya ci ba. Na san wainar, domin yayata Kalsum, mai ciki wata takwas, ita ta ba da mudun shinkafa ɗaya. Duk matan layinmu ba su da wata nas sai Furera. Ita kaɗai ce mace za ta gaya wa inda ke mata ciwo da Hausa, ba sai ta yi ta nuni da yatsa kamar mai cinikin kifi ba. Matan da suka zo daga Maraɗi ba su jin Yarbanci ba su jin Turanci, in ba ta nan komawa gida suke yi da ciwonsu. Shi ya sa suka haɗa shinkafa da mai suka kai wa Hajo.

Ta lura na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kai, ƙanena, me kake ɓoyewa?"

"Anti, kin tambayi Hajo ko sadakar ta mece ce?"

"Wa ke tambayar sadaka? Ka karɓa, ka ce Allah ya biya buƙata, ka ci."

"Buƙatar ita ce kada takardarki ta samu mai sa hannu."

Ta tsaya da audugar a hannu. Ta kalli kwanon, ta kalle ni.

"Wato da bakina na roƙi Allah ya hana ni tafiya? Har sau uku? Ina suɗe miya?"

Ta yi dariya har hular ta faɗi. Amma da ta zo sa mini magani ranar, ta danna fiye da kullum.

Alhamis ta zo da dabara. Za ta rubuta cewa ta sauka daga muƙami, girma ya faɗa kan Hafsa tunda babu kowa, hatimi yana cikin durowa, Hafsa ta sa hannu, shi ke nan. Tana cikin bayyana mini sai ga Hafsa ta shigo da tiren almakashi. Furera ta maimaita mata.

Hafsa ta ajiye tiren a hankali. Ta ce, "Anti, ki yi haƙuri. In kin tafi ni ce babbar nas. Ni kuma wa zai sa mini, Souleymane mai gadi?"

Ta zaro wata takarda irin ta Furera daga aljihu, an ninke ta huɗu.

Furera ta ce, "Ke ma?"

"Tun muna aji biyu, Anti. Duk ajinmu. Malamarmu ce ta nuna mana yadda ake cikewa, kafin ta tafi."

Na ce, "To ku sa wa juna mana."

Duka biyun suka kalle ni kamar na ce a yi wa mai ciki allurar shanu.

Furera ta ce, "Takarda biyu, rana ɗaya, kowace na cewa ita ce shugabar 'yar'uwarta, in sun bugo tambaya kuma Oga ne zai ɗaga waya. Ka ma bar wannan. In mun tafi mu biyu, Kalsum ɗinka a hannun wa za ta haihu? Ko kai za ka karɓa?"

Ta gama naɗe mini ƙafa, ta kira na gaba a layi.

Ranar Juma'a na tarar da mata sun kai talatin a bakin get, kowace da fayil a hammata. Oga Dakta ya manna sanarwar neman nas. A ciki na sami Hafsa tana busa tawadar hatimi a kan takardarta da Furera ta sa wa hannu, tana kuka tana godiya. Takardar Furera tana ƙarƙashin gilashin tebur, wurin sa hannun fari fat.

Na ce, "Anti, yau ce fa."

"Na sani. Miƙo ƙafar. Ka ga waɗancan na waje? Ba wadda ta tambayi albashi. Tambayar farko, wa ke sa hannu a nan. Da aka nuna ni, har durƙusawa suke yi."

"Jiddan fa?"

"Wakilinsu ya ce za a sake ɗauka bayan babbar salla. Na riga na gaya wa Oga irin wadda nake so ya ɗora a kaina: dattijuwa, mai ciwon gwiwa, wadda ba ta da fasfo. In tana jin Hausa ko kaɗan ne, ni zan biya mata kuɗin mota."

Ta duba ciwon ta ce ya kama hanya, in dawo Litinin. Sannan ta ce, "In za ka wuce ta bakin masallaci, ka ce wa Hajo ina son wainar sadaka Juma'a mai zuwa, mudu uku. Zan aiko da shinkafa. Ita da kanta za ta raba wa matan layinku, gida gida, ta tsaya ta ji kowace ta ce amin ga buƙatata."

"In ta tambaye ni ko ta mece ce?"

"Ba za ta tambaya ba. Ai ita ta koya mini."

Daga ɗakin haihuwa wata mata ta ƙwala kira da Hausar Maraɗi. Furera ta ce, "Gani nan, baiwar Allah, kada ki yi nishi tukuna!" Ta wanke hannu, ta danna hular da ke zamewa, ta bi ta barandar da sauri silifas ɗinta na kaɗawa.